Dantsen Mai Gyaran Agogo

Ƙanena taurin kai gare shi tun yana yaro. Ciwon lalacewar tsoka ya cinye masa ƙafafu, ya zaunar da shi a keke, amma hannun dama ya ƙi miƙa wuya. Da shi yake gyaran agogo a bakin titi, da shi muke ci.

Da likitar da ke bincike kan ciwon ta nemi ɗan yankin tsokarsa, sai na ce ta ɗiba a cinya, tunda ta riga ta tashi aiki.

Ta ce, "Cinyar ta koma kitse, ba abin da zan gani. Sai inda tsoka ke kokawa har yanzu. Dantsen dama."

Raina ya ɓaci. "Wato ɗan abin da ya rage masa kike so? Magani za ki ba shi?"

"A'a, ba zan yi miki ƙarya ba. Furotin ɗin da ke riƙe tsoka nake son ganin yadda ya canza."

Sai ga bakin ƙanena: "Yaya, hannunki ne? Ciwon nan ya daɗe yana cina a ɓoye, yau sai an haska masa fitila. Likita, yanka."

Aka yanka, aka naɗe. Ni nake ba shi abinci a baki ina mita, amma gaskiya tsoro ne ya cika ni. Na san ciwon nan, gaɓar da ta kwanta ba ta cika tashi ba.

Ranar da aka kira mu ɗakin bincike, likita ta nuna mana hoto a kwamfuta. Layin furotin na lafiyayyen mutum baƙi ƙirin, mai kauri. Na ƙanena siriri kamar zare, dishi-dishi.

Ya ce, "Iyakar nawa layin ke nan?"

Likita ta ce, "Iyakarsa ke nan."

Ya fashe da dariya. "Da wannan ɗan zaren nake riƙe gida? Ku masu kaurin layi, me kuka tsinana?"

Ya fara ɗaga hannun da aka yanka da ƙyar. Na kai hannu zan tallafi gwiwar hannun, ya daka min tsawa: "Kul, Yaya!" Na ja baya, idona ya cika da ƙwalla. Sannu a hankali yatsansa ya isa kan layin, ya dangwale shi.

Sannan ya buɗe tafin hannun. "Likita, miƙo agogon nan naki. Tun ɗazu na ga ya tsaya."