Takardar Maître Sivaprakassam

A layin masu sayen madara na fara jin maganar, wai Maître Sivaprakassam, lauyan da ya yi shekaru yana gaya mana a majalisa da cikin littattafansa cewa mu 'yan Indiya ne, ya saci jiki ya je ya zaɓi Faransa. Abin da aka koya mana daban ne. Lokacin da Faransawa suka miƙa garinmu Pondicherry ga Indiya an ba mu wata shida: mai son ya ci gaba da zama Bafaranshe ya kai takarda ofishin Faransawa, wanda bai kai ba ya zama ɗan Indiya. Kowa ya ce Maître ya shiga ofishin ya yaga tasa a gaban Turawa. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da tarihi, ban taɓa haɗuwa da wanda ya ga yagar nan da idonsa ba. Kullum kawun wani ne ya gani.

Da ban damu ba, ba don 'yarsa Vassanty ba. Ɗanta ɗaya, Ilango, yana bayan garin Paris da iyalinsa, ita kuma tana nan ita kaɗai a gida mai ɗaki tara, ga ciwon gwiwa. Sau biyu ana hana ta bizar zama. Shekararta goma sha ɗaya lokacin zaɓen, kuma ƙananan yara ubansu suke bi. In har Maître ya kai takarda, ita Bafaranshiya ce tun tuni, ba ta bukatar izinin kowa ta je ta zauna da ɗanta.

Ban ko ajiye madarar ba na wuce gidanta.

"Yaya Kamalam, ki bar mini ubana ya huta," in ji ta.

"Ubanki ya huta shekara arba'in. Ke ce ba ki huta ba."

"So kike a ce maƙaryaci ne?"

"So nake ki ga jikokinki ba ta cikin waya ba. Ina makullin ɗakin karatunsa?"

Ta yi tsaki, amma ta miƙo.

Kwana uku ina atishawa a ɗakin nan. Na ga jawabansa na majalisa, na ga littafinsa na dokar gado da ya gyara da jan biro har sau huɗu, na ga wasiƙun da ya rubuta wa jaridu bai aika ba. Takardar zaɓin Faransa babu. A ma'ajiyar takardun tarihi aka ce in rubuto wasiƙa in jira. Ni a shekaruna? Na dawo gida na kasa zama, na dafa shinkafa na manta da ita a wuta. Can na tuna da Pajani, akawun Maître, wanda yake riƙe masa jaka a kotu. Aka ce yana Villianur wajen 'yarsa, ya haura tamanin da biyar. Na hau bas.

Na same shi a shirayi yana tauna ganyen betel, goron mutanenmu, da haƙoran da suka rage.

"Malama! Har yanzu kina ba mutane sifiri?"

"Kai zan ba in ka yi mini ƙarya, Baba Pajani. Maître ya yaga takardar ko ya sa hannu?"

Ya yi dariya har ya sarƙe. "Yaga? Mutumin da ko ambulan ba ya yagawa, sai ya sa wuƙa ya buɗe?"

"To ya sa hannu ke nan."

"Ya sa. A gabana, da alƙalaminsa na kotu. Ya ce, 'Pajani, ni na gama rayuwata a nan, amma yarinyar nan ban sani ba.' Wata shida yana jujjuya maganar, sai ranar ƙarshe muka fita."

Na matso da kujerata. "Kuka kai?"

"Juma'a ce. Layi har bakin titi, tsofaffin sojoji, masu dafa wa Turawa abinci, kowa da takardarsa. Muka tsaya a baya, ya rufe fuska da jarida. Da layi ya zo kanmu ya ciro agogo, ƙarfe goma da minti arba'in."

Ban bukaci ya ƙarasa ba. Ran Juma'a lokacin Rahu, mugun lokaci a lissafin taurarinmu, daga goma da rabi ne zuwa sha biyu, kuma a cikinsa ba a fara abin da ake so ya ɗore, ko aure ko tafiya ko sayen akuya.

"Maître?" na ce. "Wanda ya karanta doka a Faransa?"

"Shi. Uwarsa ce ta raine shi, ba Faransa ba. Ya ce da na bayanmu su wuce. Muka tsallaka titi, ya sha kofi uku, yana duba agogo kamar mai jiran haihuwa. Na ce, 'Ranka ya daɗe, takardar Turawa ce, ina ruwan Rahu da ita?' Ya ce, 'Rayuwar 'yata ce, ba zan fara ta a mugun lokaci ba.' Sha biyu na bugawa muka miƙe. Muna isa, maigadi na rufe ƙofa, an daina karɓar takardu."

"Lauya ne fa! Bai yi gardama ba?"

"Ya yi gardama a san ya zo? Mutane sun gan shi ya juyo babu fara'a, zuwa yamma labari ya zama ya yaga. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba."

Pajani ya kira 'yarsa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Takardar na ciki, naɗe cikin tsohuwar rigar kotu, ta yi ja don tsufa. Na duba gaba, na duba baya, na ɗaga ta a rana ko zan ga alamar hatimin karɓa. Babu.

Vassanty na bakin ƙofa lokacin da na dawo, da sandarta. Ba ta ce in shigo ba.

"To?"

Na miƙa mata. "Bai yaga ba. Ya sa hannu, da sunanki a ciki. Bai kai ba. Ke 'yar Indiya ce."