Makulli a Gefen Hagu

Ɗan maigida ya sallami tsohon direba tun ba a gama karɓar gaisuwar rasuwar ubansa ba. Tsohon ya koma gidan 'yarsa, inda abincin suruki yake tsaya masa a wuya. Bai fito da komai ba sai makulli na biyu na motar marigayi, wanda yake aljihunsa tun tana sabuwa.

Surukin mai gyaran talabijin ne, shagonsa a ƙofar gida. Duk wadda ya gyara, da tsofaffin finafinan Japan marasa kala yake gwada ta, na mayaƙan takobi. Tsohon kan zauna a benci ya ba su baya.

"Baba, juyo ka gani mana."

"In ga me? Ƙarti da siket suna ihu?"

"Samurai ake ce musu."

"Ko ma me ake ce musu. Kai dai ka iya ɓarnar wuta."

Wata rana da hantsi shagon ya yi tsit. Tsohon ya juyo da baƙar magana a baki. "Ta sake mutuwa ko? Gyaran naka ke nan."

Ba ta mutu ba. Wani mai furfura ne a allon, ya durƙusa a ɗaki, ba ya ko motsi. Rigarsa ta koɗe, amma babu inda ta yamutse. A gabansa wani saurayi yana ta zuba.

"Wannan mai furfurar me ya same shi?"

"Ubangidansa ne ya mutu. Magajin, wancan saurayin, ya kore shi."

Tsohon ya yi tsaki, amma bai juya ba. Mai furfurar ya ɗauki takobinsa daga dama, a hankali, ya ajiye a hagu. Saurayin ya matsa baya.

"Ya ja baya. Me ya gani?"

"In takobi yana dama, lafiya ce ta kawo ka, don ba ya zaruwa da sauri. In ya koma hagu, magana ta ƙare."

"Ko uffan bai ce ba," in ji tsohon. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce fim ɗin banza ne. Washegari ya riga surukin zuwa shago.

Ana cikin haka ɗan maigida ya zo. Bai sauko daga mota ba sai da ya yi ta danna oda. Ya tsaya a bakin shago da tabarau a fuska.

"Tsoho, na sayar da motar nan. Mai saye yana son ɗaya makullin."

"Sayarwa ka yi."

"Tsohuwar mota ce, me zan yi da ita? Ba ni, sauri nake."

Tsohon ya fito da makullin ya ajiye a benci, ta damansa. Ya jira a tambaye shi lafiyarsa, ko a ambaci marigayin. Ɗan maigida ya duba waya, ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago ba.

Tsohon ya ɗauki makullin ya mayar hagu.

Surukin ya ajiye sukudireba. "Ranka ya daɗe, gara ka sa a yanka maka wani makullin."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Tsoho, kayan ubana ne."

"Ubanka ne ya sa mini shi a hannu," in ji tsohon. "Ba zan bayar ba."