An Sake Kashe Kawu

"Sun sake kashe ka, Kawu," in ji Auta, idonta a kan waya.

Kawu, tsohon golan ƙungiyar ƙwallon garin, ya ɗago daga rediyon da yake gyarawa a shagonsa. "Yanzu kuma me ya ci ni?"

"Ba su faɗa ba. 'Marigayi' kawai aka mayar gaban sunanka."

Auta na cikin masu rubutun sa-kai a kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa. Tun safe take goge kalmar daga shafin Kawu, wani mai kiran kansa Mai Tsintsiya yana mayar da ita. Ga shi yanzu gargaɗi ya iso: in ta ƙara gogewa, a toshe ta, ta yi sallama da aikin da ta fi ƙauna.

"Ki ce musu ga ni zaune, har da tumbina."

"Ganin idona ba hujja ba ne a wurinsu. Sai abin da aka buga."

"To shi wa ya buga masa?"

Abin da ke cin ta ke nan. Ta bi hujjar da mutumin ya liƙa, sai ga wata tsohuwar jarida: sunan Kawu, laƙabinsa na filin ƙwallo, an ce ya rasu a wani garin bakin teku.

"Kawu, ka taɓa zama can?"

Ya hau kwance rediyon da ya gama ɗaurewa. "Ki ɗauke ni hoto mana."

"Goshinka ba kwanan wata. Kuma ƙa'ida ta hana ni taɓa shafin dangi, da ma a kan laifi nake."

"Wato bare ya kashe ni, 'yar ƙanwata ba ta da ikon tashe ni?"

Yatsanta ya tsaya cak a kan maɓallin gogewa. Ta janye shi, ta buɗe zauren tattaunawa ta rubuta: "Kawuna ne, yana raye. Na cire hannuna. Wa ya san inda jaridar ta samo labarin?"

Kalmar ta ci gaba da zamanta.

Washegari da hantsi wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagon, jakar tafiya a kafaɗa.

"Sannunku. A intanet na ga rasuwar tsohon gola, aka kwatanta mini nan. Ni ɗansa ne."

Auta ta dubi Kawu. Kawu ya dubi ƙofar baya.