Ragowar Ruwan Buta

Ranar da Yaya Abdulbaƙi zai tafi gida Kano neman magani, bai bar mini sallahun komai ba sai na bishiyar nan tasa. Tana barandar ɗakinmu a unguwar Panyu a China, hawa na shida, cikin wani kasko mai faɗi wanda zurfinsa bai fi yatsa ba. Tsawonta kamu ɗaya ne da 'yan kai. Sunanta mepul, 'yar asalin Japan, ganyenta kamar na rama amma ƙanana. A wurin wani tsoho mai suna Chen ya saye ta, mai sayar da tsirrai a bakin layinmu. Ya ce renonta ake yi ta tsufa ba tare da ta yi tsawo ba, wai shi ne bonsai.

Yaya ne ya kawo ni China, muna ɗaurin dilar tufafi tare a wani sito kusa da kasuwar Guangyuan. In mun dawo da yamma, kafin ya cire takalmi ma sai ya leƙa ta. Da hannunsa ya naɗa wa babban reshenta wayar tagulla, ya lanƙwasa shi hagu a hankali, kwana uku yana abu ɗaya. Nakan tsokane shi in ce mutum ya baro kukar ƙofar gidansu ya zo yana renon tsinken sakace. Sai ya yi dariya ya ce ai kukar ba ta buƙatarsa, wannan kuwa tana buƙata.

Ya yi mini bayani ranar tafiyar, ina tsugune ina zuge masa jaka. Na ji ya ce ranar safe take so, ta la'asar tana ƙona mata ganye. Na ji wata magana kan tsoma yatsa a ƙasa, amma hankalina yana kan yadda wandonsa ya yi masa yawa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ilu, sati shida ne. Kada ka bar ta da ƙishi."

A watan Agusta ne ya tafi. Ya rasu a farkon Oktoba, ranar wata Talata, ina cikin sito ina ɗaure dila aka kira ni. Ban samu jana'iza ba, ban kuma samu zaman makoki ba.

Ya bar 'ya ɗaya, Surayya, shekararta shida. Ashe duk Juma'a yana nuna mata bishiyar a bidiyo, ya kuma yi mata alkawarin wata rana ganyen zai koma ja kamar lallen Sallah. Bayan sadakar arba'in mahaifiyarta, Anti Ramlatu, ta kira ni ta ce yarinyar ta ƙi barin maganar. Daga nan duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai in ji muryarta: Baffa, nuna mini bishiyar Abba. In juya mata wayar, ta ƙirga rassan, ta tabbatar reshen da Abba ya naɗa yana nan, sannan ta yarda ta ci abinci.

A gidanmu na Kano, inda ake alwala nan Inna ta dasa zogale da lalle, kuma ban taɓa ganin sun yi yaushi ba. Don haka tun ranar da Yaya ya tafi, in na gama alwala sai in juye ragowar ruwan buta a kaskon. Asuba da magariba da isha kullum, ranar hutu har sau biyar. Lokacin zafi bishiyar ta shanye, ganye ya yi kore shar, na ce to na gane kanta.

Da Disamba ta yi nisa ganyen ya yi ja. Surayya ta yi ta tsalle har bidiyon yana rawa, ta kira 'yan gidan duka su zo su gani. Anti Ramlatu ta leƙo sau ɗaya ta kau da kai.

Bayan kwana goma ganyen ya fara zuba. Da safe in tarar da uku a ƙasa, washegari bakwai. Sanyi ya sauko sosai, irin mai jiƙa ƙashi. Na tuna yadda ake lulluɓe yara a gida, na ce sanyin nan ne zai kashe ta. Na ɗauko ta na shigar da ita ɗaki, na ajiye kusa da hita, na rufe baranda. Da ganyen ƙarshe ya faɗi na ƙara mata ruwa, don maganar Yaya ta ƙishi tana kunnena. Juma'a huɗu ina ce wa Surayya network ba kyau, murya kawai za mu yi.

Sai da ƙasar ta fara wari kamar kwata na rungumi kaskon na sauka wurin Tsoho Chen. Ya san ni, ya san Yaya. Ya tambaye ni ina laoban, wato maigida, na nuna masa sama da yatsa. Ya cire hularsa, ya mayar.

Ya tsoma yatsa a ƙasar, ruwa ya taso. Ya dube ni ya yi ta faɗa da yarensu, sannan ya yi magana a cikin wayarsa ta fassara da Turanci, ni kuma na tsinci abin da na iya tsinta. Wai zubar ganyen ba ciwo ba ne, barci take yi. Sanyin da na ɓoye ta daga gare shi, shi take jira duk shekara, na garin nan ma da ƙyar yake isarta. Mai barci kuma ba ya shan ruwa sosai, saiwar ce ta zauna cikin ruwa har ta ruɓe.

Ya zare ta daga kaskon, ya wanke saiwar, ya datse duk wadda ta yi baƙi. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Sannan ya ɗan kankare ɓawon da farce daga can sama. Cikin launin ruwan ƙasa ne, busasshe. Ya ce meyo, babu ke nan. Ya sauko kan reshen Yaya mai wayar tagulla, ya kankare. Meyo. Ya yi ta saukowa, ni kuma ina ta salati a zuci, har ya zo kamar yatsa huɗu daga ƙasa. Nan kore ya fito.

Ya miƙo mini almakashi, ya nuna inda zan yanke, ƙasa da reshen Yaya. Na girgiza kai. Na nuna masa wayar, na nuna ƙirjina, ban san yadda zan ce hannun ɗan'uwana ne ya naɗa ba. Ina jin ya gane, don bai ƙara faɗa ba. Ya dai riƙe almakashin a miƙe har na karɓa.

Ya mayar da guntun cikin sabuwar ƙasa mai tsakuwa, ya soka tsinken cin abinci irin nasu a gefe. Ya nuna mini in zaro tsinken kullum, in ya fito da danshi kada in zuba ko ɗigo. Baranda kuma za ta koma, ko sanyi ya kai yaya.

A ƙarshen Fabrairu toho biyu suka fito a jikin guntun, jajaye, kamar ƙwayar gero. Juma'ar nan na buɗe bidiyo. Surayya ta daɗe tana kallo.

"Baffa, wannan ba ita ba ce. Ina reshen Abba?"

Na ɗauko shi daga kan taga na nuna mata, busasshe, wayar tana naɗe yadda ya bar ta. Ta tambaya wa ya yanke, na ce ni ne. Ta tambaya me ya sa, na ce ruwa na ba ta ya yi yawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in ajiye mata reshen kada in yar, ta miƙa wa mahaifiyarta wayar ta fita tsakar gida. Anti Ramlatu ta ce Allah ya saka da alheri, Ilu, ka yi ƙoƙari. Juma'ar da ta biyo baya ba a kira ba.

Tohon yanzu sun zama ganye shida. Har yau in na idar da alwala a baranda hannuna yakan nufi kaskon da butar. Sai in tsaya, in zaro tsinken in duba, in juye ragowar a magudana.