Lambar Mallaka

Alhaji Maikasuwa ya yage bakin ledar da haƙori, ya ce wa Jannatu ta ɗaga harshe. Ya zazzaga mata wani gari mai launin zoɓo, sannan ya juya ga matan da suka cika tsakar gidan mahaifiyarsa a Roni.

"Sitem sel ke nan. Ƙwayoyin asali, waɗanda jiki ke sabunta kansa da su. Sikila, suga, hawan jini, duk yana yi. Ku dubi bayan kwalin, ga lambar mallaka nan daga Turai. Ana ba ƙarya lamba ne?"

Lailatu tana bakin madafa tana tankaɗe. Jannatu 'yarta ce ta fari, shekararta tara, tana fama da sikila. Tun yaye surukarta Hajiya Fatu ta ɗauke ta riƙo. Kamar kowace mai kunya, Lailatu ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta sa baki a zancenta gaban surukai. "Yarinyar nan" take cewa. Alhaji kuwa wan mijinta ne, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya koma dillalin garin bayan ritaya.

Da ta shiga ɗakin Hajiya ɗauko faifai, ta ga ƙwayoyin asibitin yarinyar a kan taga, ko ɓalle su ba a yi ba.

"Alhaji ya ce ba a haɗa su," in ji Hajiya. "Na asibiti kashe ƙwayoyin asalin yake yi."

Lailatu ta ce, "To, Hajiya." Ta fita da faifanta.

* * *

Ranar asibitin masu sikila a Kazaure Lailatu ta je ita kaɗai, da kwalin a jaka. Likitar ta karanta bayansa, ta sauke numfashi irin na wadda ta gaji da ganin abu ɗaya.

"Lambar ko ta gaskiya ce, abin da take nufi kawai kada wani ya kwaikwayi haɗinsu ya sayar. Wanda ya ƙera sabon murfin tukunya ma yana iya samun irinta. Ba ta ce yana warkarwa ba. Garin 'ya'yan itace ne. Aikin ƙwayoyin asali na gaske dashen ɓargo ne, a babban asibiti ake yi, ba a ƙarƙashin harshe ba. Ina yarinyar?"

"Tana wurin kakarta."

"Ke ce uwarta ko?"

Lailatu ta dubi ƙasa.

A gida ta kwashe duka ta gaya wa mijinta Nuruddeen. Ya saurara yana sosa ƙeya.

"Yanzu so kike in ce wa Yaya maƙaryaci? Kyauta fa yake ba ta."

"Malam, ba cewa na yi ka zage shi ba. A mayar mata da maganinta kawai."

"Zan samu lokaci."

Damina ta faɗi, lokacin bai samu ba.

* * *

Da aka kira su Roni, Jannatu tana kwance a tabarma tana riƙe da ƙirji. Idanunta sun yi rawaya, tafin hannunta fari fat. Alhaji yana tsaye a kanta da leda biyu.

"Alhamdu lillahi, aiki ya kankama. Cutar ce ke fita. Kamfani ya ce in an ga haka a ninka."

Nuruddeen ya tsuguna yana gaishe shi. Lailatu ta jira ya ɗago ya yi magana. Ya shiga tambayar ya ruwa, ya gona.

"Jannatu!" Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. "Jannatu, taso. Asibiti za mu."

Matan da ke tsakar gidan suka juyo. Hajiya ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Gatsal, a gabana? Lailatu, ina kunyarki ta tafi?"

"Hajiya, ki gafarce ni. Numfashinta nake ji."

Ta sunkuya ta goya ta, ƙafafun yarinyar na bugun cinyoyinta. Har ta kai zaure tana jin matan suna maimaita zancen. Ba wadda ta ambaci idanun yarinyar. Maganar sunan kawai ake yi.

* * *

Sai da aka ƙara wa Jannatu jini leda biyu a asibiti kafin ta iya zama. Da hantsi ta nemi shayi.

Alhaji ya iso da lemo da ayaba. Bai dubi Lailatu ba, ita ma ta gaishe shi daga durƙushe kamar kullum. Ya zauna a gefen gadon, ya ɗora kwalin a cinyar yarinyar, ya juya shi yadda lambar za ta fito sosai.

"'Yar Hajiya, yi murmushi. Ce musu kin ji sauƙi. Masu sikila da yawa suna jiran su gani."

Nuruddeen yana kallon taga. Alhaji ya ɗaga waya, ya duba, sannan ya ɗan sunkuyar da ita, don kada ledar jinin da ke rataye a saman gadon ta fito.