Sitikar Biki a Kan Akwatin Wuta

Ƙasimu ya riga ya ɗauko sukuddireba zai soma kwance-kwance, sai Halliru ya dafe masa hannu.

"Tsaya tukuna, sarkin gaggawa. Ba za a jona katin nan ba sai na ga ƙarfin fawarka, akwatin wutar kwamfutar nan, da idona."

Halliru abokinsa ne tun suna firamare, yana gyaran kwamfuta a Kibiya. Yau ya biyo ta Rano a hanyarsa ta zuwa Kano, ɗauke da katin hoto a cikin kwali, irin wanda ke sa kwamfuta ta ja bidiyo mai nauyi ba tare da ta sanƙare ba. Akwai mai saye yana jiransa a birni. Zumunci ne kawai ya sa ya fara kawo wa Ƙasimu tayi.

Shi kuwa Ƙasimu buƙatarsa ta kai maƙura. Sana'arsa haɗa bidiyon biki, kuma ga aikin auren 'yar Alhaji Ishiyaku na Saji a cikin kwamfutar, an ɗauke shi da sababbin wayoyin nan masu hoto tar. Duk sanda ya taɓa shi, sai amarya ta tsaya cak da baki a buɗe, ƙawayenta su daskare a tsakiyar rawa. Alhaji ya aiko cewa in Juma'a ta yi bai ga bikin 'yarsa ba, zai kai aikin Kano. Inda Alhaji ya kai aikinsa kuwa, nan mutanen Saji suke kai nasu.

"Ƙarfinta wat ɗari shida da hamsin ne," in ji Ƙasimu. "Katinka ɗari biyar yake nema, ko ba haka ka ce ba? Har da rara."

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani ranar da na saya. Mai shagon ma cewa ya yi ko injin niƙa na jona mata za ta ja."

"To mu gani. In katin ya fi ƙarfinta, ba ita kaɗai za ta ƙone ba, har da abin da ke ciki. Sannan ka bi gari kana cewa Halliru ya kashe maka sana'a."

Kwamfutar dama a buɗe take ta gefe guda. Tun zafin bara Ƙasimu ya cire murfin ya kafa mata fanka, cikinta yana kallon bencin da masu kawo aiki suke zama. Halliru ya durƙusa ya haska akwatin wutar da fitilar wayarsa. Ya ƙura ido. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Daidai inda ya kamata a ga rubutun ƙarfin wuta, Barira matar Ƙasimu ce take murmushi cikin mayafi ruwan hoda, Ƙasimu a gefenta da hula a karkace. Sitikar bikinsu ce, irin wadda ake liƙawa a bokiti da kofuna a raba wa 'yan biki.

"Allah ya ba da zaman lafiya," Halliru ya karanta, yana share hawaye. "To wat nawa ke nan?"

Ƙasimu ya kau da kai. Ya san ranar da aka liƙa ta. Barira ce ta zo ta tarar da 'yan mata cike da benci suna kallon bidiyon kamu, ana ta shewa. Ta ajiye masa abinci ta juya. Washegari ya buɗe shago ya ga fuskarta a cikin kwamfuta, tana kallon bencin nan ido cikin ido.

Ya sa farce a gefen sitikar. Ta yi shekara tana shan zafin inji, ta kama kamar tare aka ƙera su. Ya ɗan ja, gefen mayafin ya yage.

"Salamu alaikum."

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Barira ce a bakin ƙofa da kular abinci, goye da 'yarsu Saude.

"Amarya ba kya laifi!" in ji Halliru. "Kin zo a daidai. Ga maigidanki nan yana ƙoƙarin cire ki."

"Sannu da zuwa, Malam Halliru. Ya mutanen Kibiya?" Ta ajiye kular a hankali, ta leƙa. "Baban Saude, me na yi maka?"

"Ba abin da kika yi. Lamba ce a ƙarƙashinki."

"Duk faɗin shagon nan, lambar ba ta sami wurin zama ba sai ƙarƙashina?"

"Ke kika zauna a kanta!"

Ƙasimu ya yi mata bayani, yana yi yana duban titi, don direban motar Kano da Halliru zai shiga ya riga ya aiko cewa saura mutum biyu ta cika. Barira ta saurara har ya gama.

"Ita kaɗai ta rage," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na bokitan duk sun goge. In ka yaga ta, shi ke nan."

Ƙasimu ya dubi kwalin katin, ya dubi matarsa. Da a ce shi kaɗai ne, da tuni ya jona ya yi bismilla. Ya buɗe baki zai ce wa Halliru a yi hakan kawai, ai ya ga lambar da idonsa, sai Barira ta riga shi.

"Ku ciro min akwatin. Ba da farce ake yi ba."

Suka kashe komai, suka kwance akwatin wutar suka ɗora a tebur. Halliru ya ɗan jinjina shi a tafin hannu, ya taɓe baki. Barira ta zaro cokali daga cikin kular, ta miƙa wa mijinta.

"Kai wa mai shayi ya ɗora a wuta. Ya yi zafi, amma kada ya yi ja."

Haka Ƙasimu, mai shagon bidiyo guda, ya tsallaka titi da cokali a hannu, ya dawo yana riƙe da shi da bakin riga. Barira ta shimfiɗa gefen zaninta a kan sitikar, ta dinga goga bayan cokalin a hankali, kamar yadda mata suke cire tambarin sababbin kwanuka ba tare da sun bar tabo ba. Sau uku ana mayar da cokalin wurin mai shayi. A na ukun har mai shayin ya biyo shi don ya ga abin da ake dafawa.

Gefen sitikar ya ɗago. Ta kama da yatsu biyu, ta ja sannu sannu, fuskarta ta fito lafiya, hular Ƙasimu ma ta fito.

"Ga ta nan!" Ƙasimu ya yi tsalle. "Ɗari shida da hamsin! Halliru, karanta da bakinka!"

Lambar ce kuwa, baƙa a kan takarda mai sheƙi. Halliru ya sosa ƙeya, ya jawo kwalin katin zai buɗe.

"Wannan ma ta ɗago," in ji Barira. "In cire?"

Suka duba. Zafin cokalin bai tsaya a sitikar biki ba. Takardar mai sheƙi ita ma ta saki ta kusurwa guda, kuma a ƙarƙashinta akwai wata, tsohuwa, ta yi ruwan ƙasa. Ba wanda ya ce mata ta ci gaba. Ita dai ta ja.

Halliru ya sunkuya ya karanta. Ya sake karantawa.

"Ɗari biyu da hamsin."

Mai shayi ya ce, "Ikon Allah," ko da yake bai san abin da ake magana a kai ba.

Ƙasimu ya zauna a benci. Ya dubi kwamfutar da ke ɗauke da bikin 'yar Alhaji tun daga kamu har kai amarya, ya tuna yadda ya kusa cewa a jona kawai.

"Injin niƙa," in ji Halliru a hankali. "Wataƙila na niƙa yaji yake nufi."

"Kada ka sayar da katin nan," in ji Ƙasimu. "Ya zama nawa. Tare za mu tafi, in sayo fawar da za ta ɗauke shi, mu juyo yau."

"Ka tabbata? Can ma lambobin masu sheƙi ne."

Daga tasha aka yi ta danna hon. Ƙasimu ya tura ƙafa cikin takalmi, ya ɗauki hula, ya ce wa Barira ta ja ƙofar in za ta tafi. Har ya kai bakin titi, sai ya tsaya. Ya juyo da sauri ya shigo shagon.

"Ka manta wani abu?" ta tambaya.

Ya ɗauki cokalin daga kan tebur, ya goge shi a hannun riga, ya zura a aljihun gaba.

"Baban Saude, da me za ka ci abincin in ka dawo?"

"A Kano ma akwai masu shayi," ya ce, ya bi bayan Halliru da gudu.