Kunnen Hagun Kawu Enayet

Kun gani. Kada wani ya ce min bai gani ba, domin rubutun yana nan a zaurenku na intanet, na masu son kayan sauti, har yau, da amsoshi saba'in da huɗu a ƙarƙashinsa, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na karanta. Mutum ya rubuta muku cewa gefen hagu ya dushe. Ku da kuke alfaharin kuna bambance sautin igiyar azurfa da ta jan ƙarfe, ba a samu ko ɗaya a cikinku da ya tambaye shi gefen hagun me ba.

Mutumin kawuna ne, Enayet, ƙanin mahaifiyata, malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Mohammadpur. Ku kuma Sarkin Kunne kuke ce masa. Sunana Tasfiya, aikina gwajin ji a wani asibiti a nan Dhaka. Ni ma ina cikin zauren. Shi ya saka ni, na gaji da musunku na toshe sanarwar tun bara. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Wata Laraba ce Mridul mai shago ya aika masa da sabon iyafis, abin jin kiɗan nan da ake cusawa a kunne, ya gwada, wanda kuka raɗa wa suna Dawisu saboda launin bayansa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don abin lafiyarsa ƙalau. Ɗan ruwa biyu ne: a kowane kunne akwai babbar sifika guda mai fitar da kauri, da ƙanana shida masu fitar da siririn sauti, duk a cikin abin da bai kai ƙwallon dabino ba. Da la'asar Kawu ya rubuta muku haka:

"Dawisu ya iso. Kaurinsa irin wanda nake so ne, yana sauka har ƙirji amma ba ya danne murya. Muryar mace tana zama daidai tsakanin gira. Na gwada shi da ɗaya iyafis ɗina, Hankaka. Hankaka ya fi shi zafi da cizo, Dawisu ya fi faɗin ɗaki. Sai dai gefen hagu a dushe yake. 'Yar ƙararrawar nan da ke bin gangar tabla a tsohon faifan da nake gwaji da shi, yau ban ji ta ba. Kamar an cusa min auduga."

Kamar an cusa min. Da bakinsa ya faɗa muku.

Zubayer injiniya ne ya fara amsawa. "Ɗanye ne, Malam, bai nuna ba. A sa shi a durowa ya yi ta kiɗa awa ɗari biyu." Mutum goma sha ɗaya suka ce haka ne. Wani ya ce damina ce, danshi ya toshe ragar bakin, a binne shi cikin ɗanyar shinkafa. Wani ya ce a canza 'yar robar da ke shiga kunne. Sauran kuka yi ta roƙon ya gwada muku shi da wane da wane kafin ku saya.

Awa ɗari biyu kwana takwas ne da ɗoriya. Akwai ciwon da ke kama jijiyar kunne ɗaya farat ɗaya, mutum ya kwanta lafiya ya tashi gefe guda a toshe. Idan ya zo mana a kwanakin farko, sau da yawa magani yana dawo da jin. Idan aka wuce sati biyu, ƙofar tana ta rufuwa. Waɗannan kwanakin Kawu ya ɗauka ya zuba a durowa, yana zuwa makaranta yana dawowa yana leƙa agogo.

Rana ta tara ya ciro Dawisu, hagu yana nan yadda yake. Ya ɗauko Hankaka, hagu a dushe. Ya ɗauko wani tsoho da ya yi shekara biyar da shi, shi ma haka. Ya rubuta muku. Wanda bai taɓa shiga aji ba zai gaya muku abu uku ba sa lalacewa a gefe ɗaya rana ɗaya. Ku kuwa kuka ce ai da igiya ɗaya yake jona su duka da na'urarsa, igiyar ce. Ya yi odar wata daga waje. Kwana goma sha biyu ta yi a hanya.

Ni ban sani ba sai ranar Juma'a, kwana na ashirin da huɗu, da muka haɗu cin abinci a gidanmu a Mirpur. Shinkafa ce da miyar wake da soyayyen kifi. Umma tana zaune ta hagunsa.

"Enayet, ƙara kifi," in ji ta.

Ya ci gaba da tsince ƙaya.

"Enayet."

Sai a na uku ya juyo, kuma ba ido kawai ya juyo ba, kansa gaba ɗaya ya karkato har kunnen damansa ya fuskance ta.

"Yaya, magana kike?"

"A'a, waƙa nake rera maka. Ba kai ne aka naɗa Sarkin Kunne ba?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na wanke hannu na zagaya bayansa.

"Kawu, rufe ido."

"To, likitar ƙaramin ɗaki ta fara. Ki bari in gama da kifin nan mana."

"Rufe dai."

Na murza yatsuna biyu kusa da kunnen damansa. Ya ce ya ji, kuma hannuna yana bukatar mai. Na koma hagu na murza. Na matso har ina taɓa gashinsa, na sake murzawa.

"Ki fara mana," ya ce.

"Na daɗe da farawa, Kawu."

Ya buɗe ido. Umma ta ajiye cokalin miya.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun da Dawisu ya zo." Ya dubi farantinsa. "Da safe ne. Kafin ɗan saƙon ya kawo shi."

Ashe ya sani. Wani sashe na zuciyarsa ya sani tun ranar farko, ya zo wurinku yana neman wanda zai ce masa ba haka ba ne, kuma ya samu saba'in da huɗu.

Ranar Lahadi na saka shi a ɗakin gwajinmu, wanda ba ya shigar da sauti. Ya dubi abin da na ɗora masa a kai ya ce wannan ko a bakin titi ba zai saya ba. Na riƙa aika masa sauti yana danna maɓalli. Dama tana amsawa kamar ta saurayi. Hagu kuwa, da muka hau siririn sauti, na ƙara ƙarfi, na ƙara, yatsansa bai motsa ba. Ta gilashi nake kallonsa, ya runtse ido, ya karkata kai yadda yake yi idan yana sauraron sabon kaya.

Da na miƙa masa takardar bai nemi bayani ba. Shekara goma yana karanta irin wannan zanen, layin da ke nuna inda sauti ya tashi da inda ya faɗi. Ya bi layin hagu da yatsa har inda ya gangara.

"Da iyafis ne wannan," ya ce, "da na ce a mayar wa kamfani."

Likita Anjuman ta duba shi. Ba ta yi masa faɗa ba, ta ce kawai, "Malam, da ka zo da wuri." Ta rubuta masa ƙwayoyi na sati guda. Satin ya cika muka sake gwaji, layin bai ɗaga ba. Ta ce saura abu ɗaya, allura ta cikin dodon kunne, a kai maganin kusa da jijiyar. Ta ce ba ta yi masa alkawari ba, kuma idan aka cika sati shida ita ba za ta wahalar da shi ba.

"A huda min dodon kunne?" Ya miƙe ya ɗauki lemarsa. "Na gode, Likita. Zan yi shawara."

Da ku ya yi shawarar.

Ranar Asabar da ta wuce na je shagon Mridul, inda kuke taruwa da rana. Kusan ku goma, da shayi da singara, irin samosarmu, a kan tebur, kowa da abu a kunne, ana miƙa wa juna ana gyaɗa kai. Kawu bai zo ba. Na ajiye takardar gwajin a tsakiyar teburin.

Zubayer ya cire abin da ke kunnensa ɗaya. Ya dubi takardar ya daɗe, na kuma ga ya gane.

"Ƙanwa, mu fa ba likitoci ba ne."

"To me ya sa kuka ba shi magani?"

"Shawara ce ta 'yan'uwa. Wa zai kawo wannan a ransa? Kuma ai mun taimaka. Na nuna masa yadda zai ƙara wa hagu ƙarfi a na'urarsa, yanzu ya ce sautin ya dawo tsakiya."

"Ka nuna masa yadda zai daki kunnen da ba shi da lafiya."

Wani daga can gefe, ban san sunansa ba, ya ce shi ma ya taɓa yin haka, dattin kunne ne, man zaitun ya ɗiga ya warke. Wani ya ce likitocin yanzu da allura suke fara gaisuwa. Aka ɗan yi dariya, irin ta masu son a canza magana.

Mridul ya zuba min shayi. "Zauna, Tasfiya. Kin karanta abin da ya rubuta shekaranjiya?"

Na karanta. Shafi uku. Ya ce da sabuwar igiya Dawisu ya buɗe, hagu ya washe, 'yar ƙararrawar ta dawo tana walƙiya kamar raɓa a kan ganyen ayaba. Ya jera shi da Hankaka da wasu biyu, ya ba kowanne matsayinsa. Mutum ɗari uku da wani abu suka yaba.

"Ƙarya ce," na ce. "Wannan ƙararrawar ba ya iya jin ta. Ga shi a takarda. Daga ka ya rubuta ta."

"Na sani," in ji Mridul a hankali. "Da ya zo ranar Talata na yi masa magana ta hagu, bai waiwayo ba. Amma ke yarinya ce. Mutumin nan ba mata, ba 'ya'ya. A makaranta ɗalibai ba sa ko duban allo. A nan ne kawai idan ya yi magana ake yin shiru. Ki bar dattijo da mutuncinsa."

"Mutuncin zai ji masa mota idan ta taho ta hagu?"

Zubayer ya mayar da abinsa kunne, ko da yake na ga bai kunna komai ba.

Jiya bayan la'asar na je gidan Kawu. Ruwa ake yi. Na same shi a baranda, Dawisu a kunnuwansa, sautin yana fitowa har inda nake tsaye. Na zagaya ta damansa na zauna, ya cire.

"Umma ta aiko da miya," na ce.

"Ta aiko da miya, ta aiko da 'yar sanda."

"Laraba ce ta ƙarshe, Kawu, ranar sati shida yake cika. Ƙarfe tara."

Ya juya iyafis ɗin a tafin hannunsa. "Faɗa min gaskiya, 'yar nan. Mutum nawa allurar take yi wa aiki, idan an kai inda na kai?"

"Likita ta ce wataƙila ɗaya cikin goma. Kuma ba duka jin zai dawo ba."

"Ɗaya cikin goma." Ya yi murmushi. "Ɗalibin da ya ci haka, ubansa nake kira."

"Ya fi babu."

"Idan na je na yarda ke nan. Yanzu kuwa wani lokaci da safe sai in ji kamar yana buɗewa. Mutanena ma sun ce irin wannan yakan ɗauki lokaci."

"Mutanenka sun san ba ka ji. Mridul ya sani."

Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo, ya daɗe. Sannan ya tambaye ni ko miyar da yaji, don ya san hannun Yaya. Ya mayar da na dama kunnensa. Na hagun ya riƙe shi a hannu kamar bai san inda zai sa shi ba.

Ba zai ji maganata ba. A wurinsa ni ce wadda ya goya a wuya zuwa kallon jirgin ruwa. Ba zai ji ta Umma ba, ba zai ji ta likita ba. Taku yake ji. Kun ce awa ɗari biyu, ya ƙirga ta cif. Kun ce igiya, ya saya.

Ban yi imani allurar za ta yi aiki ba. Na ga takardu irin tasa da yawa, na san inda akasarinsu suke ƙarewa. Amma ɗaya cikin goman nan nasa ne, kuma jibi zai ƙare.

Saboda haka ku koma ƙarƙashin wannan shafi ukun da kuka yaba, yau, ba gobe ba. Kowannenku ya rubuta da sunansa: Malam Enayet, mun san hagu bai buɗe ba, ka je asibiti. Mridul, ka karɓe Dawisu ka ce ba za ka sake ba shi komai ya gwada ba sai ya je. Zubayer, kana da mota, ka kuma san gidan. Laraba da ƙarfe takwas ka tsaya a ƙofarsa, kada ka tsaya danna ƙararrawa, ka hau bene ka ɗauko shi.